Rijiyar Inna: littafin aikin gidauniyarmu

14 Janairu 2024

Yau shekara guda cif da rasuwar Inna, Allah Ya jiƙanta Ya kyautata makwanci. Mu shida da ta haifa mun zauna tare da Gwaggo ƙanwarta da Kawu, muka tsayar da maganar da muka daɗe muna jujjuyawa a waya. Za mu kafa gidauniya da sunanta, aikinta samar da ruwan sha ga mutanen da ba su da ƙarfi. Ni aka ɗora wa rubutu, don haka a nan zan riƙa zuba abin da ya gudana, mai daɗi da marar daɗi, domin 'yan'uwa da abokan arziki da suka taimaka su san inda kuɗinsu ya shiga.

Zaɓen ruwa bai ba mu wahala ba. Duk wadda ta taɓa taje wa Inna kai ta san wani wuri a tsakar kanta, faɗinsa bai wuce tafin hannun jariri ba, inda gashi bai ƙara tsirowa ba. Mazaunin gammo ne. Tun tana ƙarama take ɗauko ruwa daga nesa, kuma ciwon wuyan da ta samu a nan bai rabu da ita ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ko bayan da Allah Ya hore mata famfo a cikin gida, in ka bar shi yana ɗiga sai ta taso da kanta ta murɗe, ba za ta ce maka uffan ba.

Kawu ya tuna mana da labarin Sa'ad ɗan Ubada, wanda mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi. Aka ce masa ruwa. Ya haƙa rijiya ya ce wannan ta Ummu Sa'ad ce. Da Kawu ya kawo nan Gwaggo ta rufe fuska da mayafi, muka daɗe ba wanda ya yi magana.

3 Fabrairu 2024

Mun miƙa takardun rajista. Amintattu biyar ne, uku daga cikin gida, biyu daga waje, don kada abin ya zama mu da kanmu muke sa wa kanmu ido. Kuɗi ba ya fita daga asusu sai mutum biyu sun sa hannu. Ɗan gida ba ya karɓar albashi ko kwangila, kuma kuɗin mota da masauki kowa daga aljihunsa.

25 Fabrairu 2024

Ni da Auta mun zagaya ƙauyuka uku da wata ma'aikaciyar lafiya ta nuna mana. Niyyarmu mu zaɓi inda za a haƙa. Gani ya kori ji.

A ƙauyen farko, ba mu gama gaisawa da dattawa ba na hango famfon tuƙa-tuƙa a bayan makaranta. Hannunsa ya sauka ƙasa, awaki na kwance a kan daɓen, ciyawa ta fito ta tsagar siminti. Na ɗaga hannun, ba nauyi ko kaɗan, sai ƙarar ƙarfe. A gefe akwai allo da sunan wani bawan Allah da ya rasu, da roƙon a yi masa addu'a. Wata dattijuwa da ta biyo mu ta ce, "'Yata, ya fi shekara yana ba mu ruwa. Ran nan da safe sai ya ƙi. Masu shi ba su dawo ba, mu kuma ba mu san inda za mu same su ba." Na ce, "Iya, tun yaushe?" Ta ce damina uku ke nan.

Na bi 'yan mata zuwa rafin da suke ɗiba yanzu, ina duba agogo. Zuwa da dawowa minti 50, ni kuma ba kaya a kaina. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke amfani da shi shi ne, kafin a ce mutum ya samu ruwa na matakin farko, sai ya kasance daga tsaftatacciyar mafita, kuma zuwa da layi da dawowa ba su wuce minti 30 ba. Waɗannan yara ba su cika ko ɗaya ba. Ƙaramar cikinsu sai da biyu suka kama suka ɗora mata jarka, na ga wuyanta ya lotsa kafin ta daidaita.

A ƙauye na biyu ma mun tarar da matacciyar rijiya. Na uku ne kawai ba a taɓa haƙa musu ba.

Allon nan ya hana ni barci. Iyali ne kamar mu, suka yi kukan rashi kamar yadda muka yi, suka tara abin da Allah Ya hore musu. Ba na zarginsu da komai. Na tabbata har gobe suna ganin ruwa na zuba, lada na isa ga mahaifinsu. Abin da ya tsorata ni shi ne babu abin da zai hana mu zama su nan da shekara uku.

10 Maris 2024

Zaman yau ya yi zafi. Na kawo shawarar mu fara da gyaran rijiyoyin da suka mutu kafin mu haƙa sabuwa. Yaya ya ce sam. Ya ce, "Ban tara kuɗin nan don in gyara rijiyar mahaifin wani ba. Ina so in tsaya in nuna da hannu in ce wannan ta Inna ce." Ban ga laifinsa ba. Shi ya yi jigilarta zuwa asibiti shekara biyu, shi ya riƙe kanta lokacin da ta cika. Wanda ya yi wannan yana da hakkin ya so abin da zai dafa.

Gwaggo ba ta shiga gardamar ba sai can ƙarshe. Ta ce, "Ɗana, uwarku ba ta taɓa yar da bokiti don ya huje ba. Liƙe shi take yi." Yaya ya tashi ya fita. Kawu ya hana a kaɗa ƙuri'a, ya ce maganar da ta shafi uwa ba a rinjayar ɗa da yawan hannu.

22 Maris 2024

Yau Ranar Ruwa ta Duniya, wadda ake yi kowace shekara tun 1993, kuma yau muka daidaita. Auta ta zo da abin da ta karanto. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya ce a 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha, ga shi tun 28 ga Yuli 2010 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa ruwa hakki ne na ɗan Adam. Wanda ya fi kama mu shi ne ƙiyasin masana cewa a Afirka kudu da Sahara, a kowane lokaci, tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na famfunan tuƙa-tuƙa ba sa aiki. Ashe abin da muka gani ba rashin sa'a ba ne.

Ta kuma ba mu labarin PlayPump, famfon da aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu wanda yara ke juyawa suna wasa ruwa na hawa tanki. A 2006 Laura Bush, matar shugaban Amurka na lokacin, da kanta ta sanar da tallafi mai yawa gare shi. Daga baya aka gano yara ba sa wasa duk yini, mata ne ke tura shi da ƙyar, in ya lalace kuma ba mai iya gyarawa a kusa. Wannan ya sa muka ajiye shawarar wani abokinmu ta sayo wata sabuwar na'ura. Famfon da maigyara na kusa ya sani, shi za mu sa.

Abin da aka tsayar: inda rijiya ke gyaruwa a gyara, inda ba ta gyaruwa a haƙa, kuma kashi ɗaya cikin uku na duk gudummawar da ta shigo a kulle shi don kula da rijiyoyin har shekara goma. Yaya ya sa hannu. Bai yi magana ba, amma ya sa.

18 Afrilu 2024

An ciro famfon ƙauyen farko. Samfurin India Mark II ne, wanda aka ƙera a Indiya a shekarun 1970 da haɗin gwiwar UNICEF. Famfo ne mai ƙarfi, sai dai in abu ya lalace a ƙasa dole a zaro bututun gaba ɗaya. Kowane tsawonsa mita uku, na ƙarfe, cike da ruwa. Maza huɗu suka riƙe da manyan sifanoni, a ɗago, a datse, a kwance, a sake. Maigyara yana ta cewa a yi hattara, in ya suɓuce ya faɗa ciki an shiga uku.

Bututu goma suka fito. Na sama da dama-dama. Daga na shida sai jan laka mai santsi, na bakwai kuwa na sa ɗan yatsana ya shige ta jikinsa. Sandar da ke ciki ta cinye ta tsinke a mahaɗa, shi ya sa hannun ba nauyi. Maigyara ya ɗebi ruwan ya tsoma takardar awo, ta nuna yana da tsami, ƙasa da 6.5 a ma'aunin pH. Ya ce, "Hajiya, irin wannan ruwa cin ƙarfe yake yi. Ko sabbin bututun ƙarfe kika mayar, nan kusa za ku dawo." Ke nan tun ranar da aka ƙaddamar da rijiyar nan tsatsa ta fara aikinta, kuma awo na minti ɗaya ya isa ya nuna haka.

Mun yanke shawarar sa famfo samfurin Afridev, wanda aka fara a Malawi aka ƙarasa a Kenya a shekarun 1980, musamman don mutanen ƙauye su iya gyarawa da kansu. Bututunsa na roba ne, sandunan za mu sa na ƙarfen da ba ya tsatsa. Amfaninsa shi ne ana zaro sanduna da bawul, wato abin da ke hana ruwa komawa ƙasa, ta cikin bututun ba tare da an taɓa shi ba, da sifana ɗaya da ƙugiya. Yana jan ruwa har zurfin mita 45, namu bai kai haka ba.

6 Mayu 2024

An wanke rijiyar da injin iska, sannan muka kai ruwan ɗakin gwaji cikin kwalba a ƙanƙara. Sinadarin fulorayid yana ƙasa da miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Amma an ga ƙwayar E. coli, wadda bai kamata a gan ta ko ɗaya a mililita 100 ba. Ganinta yana nufin bahaya na samun hanya.

Hanyar ba ta ɓuya ba. Daɓen ya tsage, kuma akwai masai na wani gida taku goma sha biyu daga bakin rijiya, alhali ƙa'ida aƙalla mita 30. Maigidan tsoho ne, na rasa ta inda zan fara. Kawu ne ya shiga wurinsa shi kaɗai. Da suka fito tsohon ya ce mini, "'Yata, da rijiyar na da rai da ban haƙa a nan ba." Gaskiyarsa. Mun haƙa masa wani a gangare, aka cike tsohon, aka sake daɓe da magudana, aka zuba kulorin ya kwana. Gwaji na biyu ya fito fes.

21 Mayu 2024

Ruwa ya zo. Dattijuwar nan aka ba ta fara tuƙawa. Tuƙi na farko iska, na biyu iska, can sai muka ji gurnani a cikin bututu, ruwa ya tsarto ya jiƙa mata zane. Jarka mai lita 20 ta cika kafin minti biyu.

Yaya bai zo ba. Na kira shi na ce ruwa ya fito. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kara wayar a bakin famfon." Na kara. Na daɗe a tsugune, ruwa na fallatso mini a hannu. Da na mayar kunne na ji yana jan hanci.

9 Yuni 2024

An kafa kwamitin rijiya, su suka zaɓi mutanensu. Abu ɗaya muka nace a kai, masu gyara su zama mata biyu. A gidaje bakwai cikin goma da ba su da ruwa a gida, mata da 'yan mata ne ke ɗebowa, kamar yadda rahoton da Auta ta kawo ya nuna, don haka su ne na farko da za su ji hannun famfo ya sauya. Maigyara ya yini biyu yana koya musu. Ɗayar ta zaro sanduna ta sauya robar da ke hana ruwa yoyo ta mayar ba tare da ya sa hannu ba.

Kawu bai so batun karo-karon wata-wata ba, ya ce sadaka ba a sayar da ita. Na fahimce shi. Amma kuɗin ba ya zuwa wurinmu, yana hannun ma'ajinsu don sayen roba da boris da ake sauyawa kusan kowace shekara. Babban gyara namu ne. Gidajen marayu da tsofaffi ba sa biya, kuma su suka rubuta sunayen, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

30 Yuli 2024

Rijiyar ta yi kwana goma sha ɗaya ba ruwa, kuma kuskuren nawa ne ta fuska biyu.

Ni na sayo robobin daga wani dillali saboda ya fi rangwame, ban nuna wa maigyara ba kafin a sa. Jabu ne. Wadda ke jikin famfon ta dare cikin mako tara, matan suka ɗauko ta ajiya suka sa, ita ma ta tsage a ranar. Sannan lambar wayata kaɗai na bar musu, na kwanta rashin lafiya wayar na kashe. Suka yi ta kira ba amsa. Abin da ya sami masu allon farko ke nan, ya same mu cikin wata biyu.

Mutane suka koma rafi a tsakiyar damina. Yara huɗu sun yi gudawa. Ma'aikaciyar lafiyar ta ba su ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zink ta kwana goma zuwa sha huɗu, duk sun tashi, alhamdu lillahi. Na je da kaina na ba iyayensu haƙuri. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Mun ɗauka ku ma kun tafi ke nan." Maganar nan ba za ta bar ni ba.

Yanzu lambobi uku suke da su. Kayan gyara ba a saye sai maigyara ya duba ya yarda, kuma akwai akwatin ajiya a hannun kwamiti.

17 Agusta 2024

Sabon tsari. Ranar ɗaya ga wata, da asuba kafin kowa ya taɓa famfo, a ƙirga tuƙi nawa ake yi kafin ruwa ya fito, a turo mana. In adadin ya fara hawa, bawul na ƙasa na yoyo, a gyara kafin ya tsaya. Wannan watan tuƙi uku ne.

5 Oktoba 2024

Rijiyar ƙauye na biyu ba ta gyaruwa. An zura kyamara, bututun bango ya fashe, yashi ya cike ƙasan. Sai sabuwa. Yaya ya karɓi wannan aikin da hannu biyu.

Ɗan kwangilar farko ya nemi a ba shi kuɗi dunƙule tun farko, kuma bai yarda mu kawo mai sa ido ba. Muka rabu lafiya. Na biyun ya amince a biya shi bisa mitar da ya haƙa, masanin ruwan ƙasa da muka ɗauko daban yana tsaye yana rubutawa. Za a jira rani ya yi nisa, don hanya ta bushe, kuma lokacin ne ruwan ƙasa ke sauka ƙwarai. Rijiyar da ta ba da ruwa a lokacin ita ce abin dogaro.

14 Janairu 2025

Shekara biyu da rasuwar Inna. Rajista ta fito tun watan Satumba. Wani akanta da ba ɗan gida ba ya duba littafinmu kyauta, ya tarar rasidin siminti guda biyu babu. Mun san an saya an yi aiki da shi, amma ya ce abin da ba takarda ba ya shiga. Ni da Auta muka mayar da kuɗin asusu. An tura wa duk wanda ya ba da gudummawa kwafin lissafin.

19 Fabrairu 2025

Ramin farko ya fito a bushe, duk da awon ƙasa da aka yi da na'ura. Mita 60, ba komai sai farar ƙura. Masanin ya faɗa mana tun farko cewa awo yana rage hasara ne, ba ya kawar da ita, amma ji daban, tsayawa kana kallon kuɗin marayu da abokai na tashi a iska daban. Yaya ya zauna a kan dutse har magariba.

An matsa wuri na biyu da awon ya nuna. Jiya da la'asar, wajen mita 38, ƙurar ta fara duhu, ta koma dunƙule-dunƙule, sai laka ta yi tsiri ta wanke masu aikin. Yaya yana kusa, rigarsa ta ɓaci har wuya, bai ko matsa ba. An zura bututun bango, aka zuba tsakuwa kewaye, aka toshe saman da siminti don ruwan sama da ƙazanta kada su gangara. An yini ana jan ruwa da inji don a ga ko zai janye. Bai janye ba.

Hasarar ramin farko ta ci rabin abin da muka ware wa ƙauye na uku. An kawo shawarar a taɓa kuɗin kula da rijiyoyi. Yaya ne ya fara cewa a'a.

16 Maris 2025

An kafa allo a sabuwar rijiya, Yaya ya rubuta abin da ke kai. Zurfin rijiya, zurfin silinda mai tura ruwa daga ƙasa, samfurin famfo, ranar da aka haƙa, lambobin waya uku da manyan baƙaƙe. A ƙasa sunan Inna da roƙon addu'a. Gwaggo ta shafa sunan da hannunta, ta sha ruwan a tafinta.

Allon ƙauyen farko mun bar shi yadda yake da sunan mai shi, fenti kawai muka sabunta muka ƙara lambobinmu. Auta na neman iyalinsa, ta samu wani da ya ce ya san ɗaya daga cikin 'ya'yan.

Ƙauye na uku yana nan yana jira. Ƙa'idar masu aikin agaji ita ce famfo ɗaya ga mutum 500, su kuma sun haura haka nesa, ga kuɗin da ya rage ko rijiya ɗaya ba zai kai ba. Na gaya wa dattawansu gaskiya, ban sa musu rana ba. Za mu zauna a kai farkon watan gobe.

Saƙon ɗaya ga wata daga ƙauyen farko ya ce tuƙi bakwai. Ya hau. Matan sun ce sifanarsu ta ɓata, zan kai musu wata ranar Asabar tare da sabon bawul.